Laya ko na'ura? Yadda ake tantance abin korar kifin shak kafin a saya

Daga Maradi zuwa bakin teku mafi kusa tafiya ce da ta haura kilomita 800. Ruwan da muka sani shi ne Gulbin Maradi, mai cika da damina ya ƙafe da rani, sai kuma tafkin Madarunfa. Amma ƴaƴan garin nan ba su zauna wuri ɗaya ba. Akwai ɗalibai a Dakar da Maroko, akwai ƴan kasuwa a Kwatano da Lome, akwai waɗanda aiki ya kai Afirka ta Kudu ko Ostireliya. A irin waɗannan wurare saurayi kan ci karo da wasan hawan raƙuman ruwa: mutum ya kwanta rub da ciki a kan dogon allo, ya tuƙa da hannuwa zuwa inda ruwa ke tasowa, sannan ya miƙe tsaye raƙumin ya ɗauko shi zuwa gaɓa. Ranar da bidiyon ya iso wayar Hajiya, tambayarta ɗaya ce: “Kifin nan mai cin mutane fa?” Daga nan sai a shiga neman abin kariya, kuma intanet cike take da masu sayar da shi, daga munduwa zuwa man shafawa zuwa na'ura mai batir.

Kafin a zo kan kayan, a san girman haɗarin. Akwai ma'ajiyar bayanai a gidan tarihin halittu na Jami'ar Florida a Amurka da ke ƙirga cizon shak na duniya duk shekara. A 2023 ta ƙirga cizo 69 da ba tsokanar kifin aka yi ba, mutum 10 suka rasu. A 2024 cizo 47 ne, mutum 4 suka rasu. Wannan fa duniya baki ɗaya, inda miliyoyin mutane ke shiga teku. Nau'in shak ya haura 500, amma uku ne ke da alhakin mafi yawan mace-macen: farin shak, da mai zanen damisa, da wanda ake kira bijimi, mai iya shiga bakin kogi har ruwan daɗi.

Ƙarancin cizon shi ne ainihin abin da ke rikita mai saye. Idan mai talla ya kawo maka shaidar mutum dubu, kowanne na cewa “shekara biyar ina ɗaure da munduwar nan, shak bai taɓa kusantata ba”, gaskiya suka faɗa, sai dai shaidar ba ta da nauyin ƙwayar gero. Da zaren kaba suka ɗaura, da hakan za su faɗa. Mun san irin wannan a gida: mai maganin bindiga da bai taɓa tsayawa gaban bindiga ba, ba shi da abin da zai gaya maka a kan ingancin maganinsa. Saboda haka tambayar da za a yi wa kowace na'ura ita ce: wa ya kai ta gaban shak da gangan, ya ajiye allo mai ita da allon da babu komai, ya ƙirga bambancin? Kuma mai gwajin, yaron kamfanin ne ko kuwa bare?

Don a gane yadda na'urorin ke aiki, a tuna da minjirya. Duk masuncin da ya taɓa damƙar ta ya san yadda take fizgar hannu da wuta. Shak kuwa baiwarsa ta ji ce, ba ta bugu ba. A kewayen hancinsa da kansa akwai ɗaruruwan ƙananan ramuka cike da wani abu mai yauƙi, waɗanda wani masanin Italiya, Stefano Lorenzini, ya bayyana tun 1678. Da su yake jin ɗan ƙanƙanin lantarkin da jikin kowace halitta ke fitarwa, har ya gano kifin da ya binne kansa cikin yashi. Amma jin na kurkusa ne, galibi ƙasa da mita ɗaya. Daga nesa da hanci da kunne da ido yake farauta. Na'urar lantarki tana da faranti biyu na ƙarfe da ke taɓa ruwa. Batir na tura bugun wuta tsakaninsu, ruwan gishiri ya ɗauki wutar ya baza ta, sai kifin da ya shigo kewayen ya ji abin ya yi masa yawa, kamar mai kallon dare da aka dalle wa ido da fitilar mota. Hukumar kula da shak ta Natal a Afirka ta Kudu ce ta fara fitar da irin wannan na'ura ga masu nutso a shekarun 1990.

Wannan bayani ya amsa wani tsoro da ake yawan ji, wai na'urar na janyo shak daga nesa ya zo ya ga abin da ke faruwa. Wutar ba ta kai nesa ba balle ta kira kowa, kuma gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna tana janyo shi ba.

Gwajin da ya fi dacewa mai saye ya sani shi ne wanda masu bincike na Jami'ar Flinders, ƙarƙashin Charlie Huveneers, suka buga a 2018. Sun je tsibiran Neptune a kudancin Ostireliya, mazaunin farin shak. Suka rataya koton kifin tuna a ƙarƙashin allo, daidai inda ƙafar mai hawa za ta kasance, suka gwada kaya biyar: na'urar lantarki Freedom+ Surf, wata ta lantarki mai suna Rpela, munduwar maganaɗisu ta SharkBanz, igiyar ƙafa (wadda ke ɗaure mai hawa da allonsa) mai maganaɗisu ta wannan kamfanin, da kakin shafa wa allo mai suna Chillax. An yi gwaji 297 a kan shak 44. A allon da babu komai, kifin ya ɗauke koton kashi 96 cikin 100 na lokutan. A allon da aka kunna Freedom+ Surf, abin ya sauko zuwa kashi 40 cikin 100, kuma matsakaiciyar tazarar da kifin ke bari ta tashi daga mita 1.6 zuwa mita 2.6. Sauran huɗun, ko dai tasirinsu ɗan kaɗan ne ko kuma ba a iya auna shi ba sam.

A dubi lambar da kyau. Wadda ta fi kowa ƙoƙari, a cikin gwaji goma ta bari an cinye koto sau huɗu. Wanda ya ce maka na'urarsa garkuwa ce, ka rufe shafin.

Akwai kuma gyara ta ɓangare biyu. Shak ɗin gwaji an riga an tayar masa da yunwa da jini da nama, ga abinci a gabansa, alhali mutum a kan allo ba abincinsa ba ne, don haka a rayuwa ta yau da kullum kariyar na iya fin abin da lambar ta nuna. A ɗaya ɓangaren, kifin gwajin a hankali yake zagayawa yana shinshina. Farin shak da ya taso daga ƙasa da gudu ya ɗauka sil ya gani, wato dabbar tekun nan mai kitse da yake farauta, zai ratsa mita ɗaya ko biyu na kewayen wuta kafin ƙiftawar ido. Wannan ruɗewa ba tatsuniya ba ce: binciken Jami'ar Macquarie na 2021 ya nuna cewa a idon ƙaramin farin shak mai kallo daga ƙasa, inuwar mutum kan allo da ta sil ba su da wani bambancin kirki.

Me ya sa maganaɗisu ya gaza, alhali an san shak na jin sa? Lissafin tazara ne. Ƙarfin ƙaramin maganaɗisu na raguwa da saurin gaske: idan ka ninka tazara sau biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin takwas, idan ka ninka sau goma ya koma ɗaya cikin dubu. Kowa na iya gwadawa da maganaɗisun tsohuwar lasifikar rediyo da ƙusa. A taɓa juna sai an yi da gaske a raba su, amma a tazarar ɗani ɗaya ƙusar ba ta ma san da shi ba. Munduwa a idon sawu na iya sa ƙaramin shak ya kau da kai idan hancinsa ya kusa taɓa ta. Kifin mita huɗu da ya nufo cinya ko haƙarƙari bai shiga harkarta ba. A ƙarshen 2016 an ciji wani matashi a Florida a hannu yana sanye da irin wannan munduwa. Labari ɗaya ba hujja ba ne, kamar yadda shaidar mutum dubu ba hujja ba ce, amma ya zo daidai da abin da gwajin ya nuna.

Wannan ƙa'ida ta tazara ta shafi na lantarkin ma, kuma ita ce sirrin da ya kamata mai saye ya riƙe. Faɗin kewayen wutar ya dogara a kan nisan da ke tsakanin farantan biyu. Idan an shimfiɗa su a ƙarƙashin allo, ɗaya can gaba ɗaya can wajen wutsiya, wutar na yin babban baka a cikin ruwa ta lulluɓe inda ƙafafu ke lilo. Idan kuwa duka biyun na matse a ɗan akwatin da ake ɗaurawa a ƙafa, wutar daga wannan farantin zuwa wancan take tsallakawa, ba ta zuwa ko'ina. An gwada wata na'urar idon sawu a Mossel Bay ta Afirka ta Kudu, aka ga farin shak na isowa har tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. A wannan wurin dai, na'urar masu nutso mai doguwar wutsiya, Freedom7, ta riƙe kifin a kusan mita 1.3 a zuwansa na farko. Kalmar “lantarki” a jikin kwali ba ta isa ba, sai ka tambayi ina farantan suke da nisan da ke tsakaninsu.

Shi kuwa kakin, idan ka karanta abin da aka haɗa, sai ka ɗauka kana gaban mai kayan yaji a babbar kasuwa: barkono, kanumfari, man dogon yaro, kakin zuma da wasu mayuka masu ƙamshi. Manufar wai a ɓoye warin mutum. Matsalar ita ce teku ba ɗaki ba ne da za a turara shi, ruwa na tafiya da ƙamshin nan take. Sojojin ruwan Amurka sun bi wannan hanya a yaƙin duniya na biyu, suka raba wa dakarunsu ƙunshin sinadarin tagulla da baƙin rini, daga baya aka gane abin ya fi kwantar da hankalin mai ɗauke da shi a kan korar kifin.

Abin da ya yi aiki a kan farin shak ba lalle ya yi a kan bijimi ba. Tsibirin Reuniyon na Faransa, da ke tekun Indiya, ya ɗanɗana wannan: tsakanin 2011 da 2019 mutum 11 suka rasu, mafi yawa a bakin bijimi, har gwamnati ta hana iyo da hawan allo a mafi yawan gaɓar tun 2013. Gwajin da aka yi a kan bijimai 29 a tsibirin Sabuwar Kaledoniya na tekun Pasifik, aka buga a 2020, ya sake sa Freedom+ Surf a gaba, inda ta rage cin koto da kusan kashi 42 cikin 100. Amma samfurinta da aka yi wa gajeren allo, da sabon samfurin Rpela, kowanne bai kai kashi 20 ba. Freedom+ Surf da samfurinta na gajeren allo kamfani ɗaya ne, suna kusan ɗaya, sakamako ya sha bamban. Shi wannan sabon samfurin Rpela kuma, da aka kai shi gaban farin shak a yammacin Ostireliya, ya rage yiwuwar cizo daga kashi 75 zuwa kashi 25 cikin 100. Wani bincike na 2024 da ya haɗa nau'o'in nan uku ya sami Freedom+ Surf ta rage cizo da kashi 54 cikin 100. Don haka a sayi samfurin da aka gwada, da lambarsa, don nau'in kifin da ke ruwan da za a shiga. An kuma lura cewa kifin da ya yi ta dawowa yana sabawa da wutar, yana ƙara matsowa. Amfanin na'urar ke nan ta ba ka lokaci ka fita. Wanda ya ga shak ya ci gaba da zama don yana da batir, ya juya abin a baibai.

Wata gajeriyar hanyar tantancewa: a 2017 gwamnatin jihar Yammacin Ostireliya ta fara mayar wa mazaunanta dala 200 ta ƙasar, wajen jika 80 na sefa a ƙiyasce, idan sun sayi na'urar da gwaji mai zaman kansa ya tabbatar. Ba mai mayar wa ɗan Maradi ko dala ɗaya, amma jerin na'urorin da suka amince da su na nan a intanet kyauta, kuma gajere ne ƙwarai idan aka kwatanta da abin da ke kasuwa.

Sayen na'urar kirki rabin aiki ne, domin a wajen ɗaurawa da kulawa ake yin ɓarna. Wani irin ana manna farantanta a ƙasan allo kamar sitika, akwatin batir ya zauna a matakin roba na wutsiya. Kafin mannawa sai an kankare kaki da maiƙo tas, allon ya bushe, a matse kumfar iska daga tsakiya zuwa gefe, a bar gam ya kama yadda takardar kamfanin ta ce. Gefen da ya ɗaga, ruwa zai bi ta nan ya ɓare shi. Ɗaya irin kuwa sai an fafe jikin allon an dasa mazauninta, aikin maƙerin allo ne, ba na mai wuƙa a gida ba, don ramin da bai toshu da kyau ba zai shayar da cikin allon ruwa. Kada a yanke farantin don ya dace da ƙaramin allo, kada a matso da su kusa da juna don kyan gani, kada kaki ko fenti ya rufe su. Dole su biyun su kasance cikin ruwa a lokaci ɗaya. Idan mai hawa ya zauna can baya har gaban allon ya ɗaga sama, farantin gaba ya fita daga ruwa, to da'irar ta yanke, kuma a zaune ana jiran raƙumi ne ƙafafu suka fi daɗewa suna lilo.

Batir na ɗaukar awa biyar zuwa shida idan sabo ne, yana raguwa da tsufa da zafi. Wanda ya san yadda zafin watan Afrilu ke kashe batirin sola a Maradi ba sai an ce masa kada ya bar na'urar cikin rufaffiyar mota ba. A cika caji kafin kowace fita, a duba fitilar da ke nuna tana aiki, a sake dubawa a cikin ruwa. Bayan an fito a ɗauraye da ruwan daɗi, a busar da bakin caji kafin a jona, domin gishiri na cin ƙarfe, kuma farantin da ya yi tsatsa ko ɓawo wutarsa ta ragu ko da fitila na ci. A bakin kogi bayan ruwan sama, inda ruwan daɗi ya tsarma na gishiri, wutar ba ta gudana yadda aka auna ta a teku mai gishiri gram 35 a lita, ga shi kuma nan ne bijimi ya fi son zama. Na'urar na ɗan fizgar mai ita idan hannu ko ƙafa ya kusanci farantin, abin da ke sa wasu su kashe ta su ce sai sun hango kifin za su kunna. Kifin da ke cizo galibi ba a hango shi. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, da mai juna biyu, da mai farfaɗiya, kamfanonin da kansu sun ce su nisance ta.

Alhajin da aka aika ya sayo, ya tambayi abu uku kafin ya biya: ko kamfanin na nan yana sayar da caja da farantan canji, ko akwai takardar garanti, ko kuma kayan kwance ne da batirinsu ya shekara a sito. A jirgin sama batirin litiyom a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin akwatin da ake aunawa ba.

Ana ta magana a kan fitilu da launi. Masu bincike na Macquarie sun ja gunkin sil a Mossel Bay da layukan fitila a ƙasansa, suka ga hasken da ke yanka inuwar a kwance na rage farmakin farin shak, amma mai walƙiya bai yi ba. An buga wannan a 2024, sai dai a kan gunki aka yi, ba a kan allon da ke kanti ba. Sitikar idanu ko zanen baƙi da fari ba su da irin wannan hujjar. Rigunan roba masu saƙar zare mai tauri kuwa ba sa hana cizo, ba sa hana ƙashi karyewa, amma suna rage zurfin yanka, kuma hakan ba ƙaramin abu ba ne.

To, ɗan da ke Dakar ko Taghazout ta Maroko ko Tarkwa Bay ta Legas, yana buƙatar na'urar? A ra'ayina, galibi a'a. Cizon shak a gaɓar Afirka ta Yamma abu ne da ba kasafai ake jin sa ba. Abin da ke cin rai a bakin tekun Kwatano da Lome shi ne ruwan da ke komawa ciki da ƙarfi ya ja mutum, kuma wanda ya koyi iyo a gulbi ko tafki bai san shi ba. Kuɗin ya fi amfani a wajen malamin iyo da igiyar ƙafa mai kyau. Amma wanda zai shiga ruwan Reuniyon, ko kudanci da yammacin Ostireliya, ko gaɓar Afirka ta Kudu irin Jeffreys Bay, inda shak ya taso wa zakaran duniya Mick Fanning ana tsakiyar gasa a 2015 duniya na kallo, wannan lissafinsa daban ne, rage haɗari da rabi ya cancanci kuɗinsa. Ko can ɗin, zaɓen wuri da lokaci kyauta ne: a guji asuba da almuru, da ruwa mai laka, da inda masunta ke zubar da hanji, da inda tsuntsaye ke ta faɗawa kan taron kifi, kuma kada a shiga ruwa mutum ɗaya.

Dalilin wannan na ƙarshe shi ne, yawanci shak cizo ɗaya yake yi ya saki, zubar jini ce ke kisa. Idan babbar jijiyar cinya ta yanke, mintoci kaɗan ne suka rage. Maɗaurin tsayar da jini irin na asibitin sojoji, mai sandar murɗawa, kuɗinsa bai kai rubu'in na na'urar ba. Ana ɗaura shi santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ko gaɓa ba, a murɗa har jinin ya tsaya ko da mai raunin na ihu, a rubuta lokacin, kuma ba a kwancewa sai a hannun likita. Igiyar ƙafa da mutane ke rarumowa ba ta matsewa yadda ya kamata: wani gwaji da likitoci suka yi a Ostireliya a 2021 ya nuna ba ta tsayar da ko rabin jinin ba, alhali dunƙulen hannu da aka danna a matsematsi ya tsayar da kusan kashi 90 cikin 100. Wurin dannawar shi ne tsakiyar layin da ke tsakanin ƙashin ƙugu da gaba. A kwantar da mutum a kan ƙasa mai tauri, a miƙe hannu sak ba lanƙwasa, a ɗora nauyin jiki duka a kai, a riƙe har wani ya kawo maɗaurin daga mota.